Lanho ba ya jin asarar baki

Mutumin Urafane in ya samu ƴan kuɗi, da wuya banki ya faɗo masa a rai. Da kaka yakan sayi buhunan wake ya kimsa a ɗaki, ko ya ɗaure rago yana ɗura masa harawa da dussa har layya ta kawo jiki. Jarinmu ke nan. Wata shekara a sha romo, wata shekara ko uwar kuɗi ba ta dawowa gida. To in lokacin lanho, wato haraji, ya zo, me hukuma ke gani a cikin wannan faɗi-tashin?

Ya danganta da rukunin da ma'aikatar haraji ta Nijar, wato DGI, ta sa ka. Ƙaramin ɗan kasuwa a Tasawa ko Mayahi galibi harajin dunƙule yake biya, wanda har yau ake ce wa patanti. Bisa yawan ciniki ake yanka shi, don haka ko ka faɗi warwas, abin da aka yanka maka yana nan daram. Ga misali, a watan Oktoba na 2024 gwamnati ta hana fitar da gero, dawa, masara, shinkafa da wake zuwa waje, sai dai Mali da Burkina Faso. Wanda ya yi ajiya da niyyar kai wa Dawanau ta Kano dole ya nemi mai saye a gida. In kuma ya kwance bakin buhu ya tarar wake duk ƙofofi, gari ya taru a gindi, asara ta zama biyu. Mai patanti ba shi da gurbin da zai rubuta ko ɗaya.

Babban ɗan kasuwa mai lambar haraji ta NIF, wanda ke miƙa cikakken lissafinsa duk shekara, shi ne dokar ta buɗe wa ƙofa. Harajinsa a kan riba yake, bayan an cire kuɗin mota, dako, hayar sito da na buhu. Shekarar da ya faɗi yana iya ɗauke asarar ya rage ta daga ribar shekarun gaba, ko da yake akwai ɗan ƙaramin haraji a kan ciniki da ba a tsallake shi. Sai dai jami'i ba ya karɓar rantsuwa, rasit yake nema. A nan ne da yawa ke sha kashi, domin cinikinmu na tafa hannu ne da "Allah ya sa albarka". Mai sayarwa da naira yana da ƙarin aiki: tun da Najeriya ta saki kuɗinta a Yunin 2023 darajarsu ta zube, kuma lissafin haraji da sefa ake yi, saboda haka a rubuta canjin ranar da aka yi cinikin kusa da kuɗin.

Masu hannun jari, kamar malamin makaranta ko ɗan gari da ke Yamai, nasu da sauƙi. Kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, wadda ta fara aiki a 1998, ta ƙasashe 8 ce na ƙungiyar UEMOA, kuma bankin BOA Nijar na cikin kamfanonin da ake cinikinsu a can. Ƙa'idar UEMOA ta 2010 ta sa harajin rabon ribar irin waɗannan kamfanoni tsakanin kashi 2 zuwa 7 cikin 100, kuma tun a tushe ake cire shi, ragowar ce ke iso ka. Ba irin Amurka ba ce, inda mutum ke zama duk shekara ya jera abin da ya ci da abin da ya rasa. Hauhawar farashin hannun jari kuwa ba riba ba ce sai ranar da ka sayar, kamar dai ragon da ke turke: komai ƙibarsa, sai dillali ya ƙirga maka kuɗi a hannu za ka san ko dussarka ta fita.