Kuɗin Ajiyar Gidan Haya

'Yan'uwana mata, yau zancenmu a kan kuɗin ajiya ne, watau abin da mai gida kan karɓa bayan kuɗin haya domin gyaran ɓarna ran tashi.

Da aka yi mini canjin makaranta daga Zariya, na je karɓar ajiyata, naira dubu 50. Mai gida ya ce, “Malama, fenti ya koɗe, rufi yana yoyo, ƙyaure ya tsage.” Ya miƙo mini dubu 8. Alhali tsagaggen ƙyauren nan haka na tarar da shi, amma ba takarda, ba shaida. Na haɗiye na tafi.

To, ku lura. Ɓarna dabam, tsufa dabam. Koɗewar fenti da yoyon rufi aikin rana da damina ne, gyaransu na mai gida ne. Amma mu ma mu faɗi gaskiya: wadda ta yi daka bisa siminti har ya fashe, ko ta hura gawayi cikin ɗaki bango ya yi baƙi, ita za ta biya.

A 2011 Jihar Legas ta kafa doka ta tilasta wa masu gidaje ba da rasit. Mu ma kada kunya ta hana mu nema. Ran shiga, ku zagaya ɗakuna da mai gida da shaidu biyu, a rubuta kowane aibi, a ɗauki hoto da waya, kowa ya sa hannu. In gardama ta tashi, a fara da mai unguwa kafin kotu.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.