Daga Maraɗi zuwa Dajin W: Abin da Matafiyi Zai Gani a Hanya

 

Yau tafiya za mu yi. Ba wanda zai biya kuɗin mota, da kunne za mu yi ta. Za mu tashi daga Maraɗi, mu bi babbar hanya har Yamai. Daga nan mu gangara kudu zuwa wani daji da ake kira W. Mutanen Damagaram su tarar da mu a Maraɗi. Mutanen Tawa su jira mu a Tsarnawa, inda hanyarsu ta haɗu da tamu.

Da yawa daga cikinmu sun sha bin wannan hanya, zuwa biki, ko cin rani, ko neman takarda. Amma a matse ake bin ta, ga zafi, ga gyangyaɗi. Mutum ya wuce abin mamaki bai sani ba. Baƙi kuwa sun sha tasowa daga ƙasashe masu nisa, su kashe kuɗi mai yawa, don su ga abin nan da mu muke wucewa muna barci.

Daga Maraɗi zuwa Yamai kilomita 660 ne, ko kusa da haka. A gefen kwalta akwai ƙananan duwatsu na siminti. An rubuta sunan gari da lamba a jikinsu. Lambar ita ke faɗin kilomitan da suka rage. Wanda ya iya karanta su ba ya damun direba da tambaya.

Mu wuce Gidan Rumji da Madawa. Mu wuce Galmi mai albasa, da Malbaza mai siminti, da Birnin Ƙonni. A Dogon Dutsi za ku ga jajayen duwatsu masu faɗin kai sun tsaya a kan garin. Bayan Doso da kaɗan, wajen Birnin Gawure, mota za ta gangara cikin wani kwari mai faɗi. Sunansa Dallol Boso.

Mine ne dallol? Kalmar Fulatanci ce, ma'anarta kwari. Shekaru dubbai da suka wuce, wannan kwari babban gulbi ne. Ruwa yana tasowa daga arewa, daga wajen Azawak, yana gangarowa har ya zuba cikin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. A wancan zamani, ƙasar da muke kira hamada yau tana samun ruwan sama sosai. Da ruwan sama ya ja baya, gulbin ya ƙafe, rairayi ya rufe shi. Amma ruwan bai tafi duka ba. Yana nan ƙarƙashin ƙasa, kusa. Shi ya sa rijiyar dallol ba ta da zurfi. Shi ya sa gawo da goriba suke jin daɗin wurin.

Ku riƙe maganar gawon nan, za mu komo gare ta.

In mota ta hau daga kwarin, saura kilomita 60 a shiga Yamai, akwai gari sunansa Kure. Nan direba ya kamata ya rage gudu, domin raƙuman dawa suna ƙetare kwalta.

Raƙumin dawa ya fi kowace dabba tsawo a duniya. Babban namiji yana wuce mita 5, wato tsawon maza uku in aka haɗa. Ga wani abin mamaki: ƙashin wuyansa guda 7 ne, daidai da na mutum, daidai da na akuya. Kowane ƙashi ne ya yi tsawo. Harshensa ya kusa rabin mita. Da shi yake tsinke ganye daga tsakanin ƙaya. Mace tana ɗaukar ciki wata 15, ta haifi ɗa guda. A tsaye take haihuwa, ɗan ya faɗo ƙasa, jim kaɗan ya miƙe. Ranar da aka haife shi, tsawonsa ya kai na babban mutum. Makiyayi ya san abin da wata 15 da ɗa guda ke nufi: garke ne da ba ya yaɗuwa da sauri. In ya ragu, sai an daɗe kafin ya komo.

Da damina suna zama a kan tudun Kure, inda geza da sabara da sauran itatuwa suke da ganye. Da rani ya shigo, daji ya bushe, sai su gangara cikin dallol. Don mi? Don gawo. Kowa ya san halin gawo: da damina yake zubar da ganye, da rani yake tsiro da shi. Lokacin da sauran itatuwa suka zama ƙiraruwa, gawo yana kore. Manomin da ya bar gawo a gonarsa ya ciyar da gerorsa da tumakinsa, ya kuma ciyar da raƙumin dawa bai sani ba.

Na Nijar irinsu dabam ne, jikinsu ya fi na wasu ƙasashe haske. Kamar shekara 100 da suka wuce, ana ganinsu tun daga Senegal har tafkin Cadi. Harbi ya rage su. Sarar daji don noma da iccen girki ta rage su. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya ƙara. Ƙasa bayan ƙasa suka ƙare, har ba su rage ko'ina a Afirka ta Yamma ba sai Nijar. A shekarar 1996 aka ƙidaya su, aka samu 49. Duk duniya, 49 kawai na wannan iri. Ƙaramin kauye ma ya fi haka awaki.

Hukuma ta tsananta hana harbinsu. Aka koyar da samarin yankin aikin jagora, su kai baƙi, a biya su. Ƙungiyoyi suka taimaka ma ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan rance. Zuwa shekarar 2019 sun haura 600.

Kure ba a kewaye take da waya ba. Raƙuman dawa suna yawo ne tsakanin gonaki da ƙauyuka, tare da shanu da jakai. Suna shiga gona su ci wake. Suna cin mangwaro a lambu. Wanda suka cinye ma waken da zai sayar ya biya bashi, ba a ce masa ya yi murna ba. Ni dai a ganina, in ana yabon waɗanda suka ceci raƙumin dawa, to a fara da Zabarmawa da Fulanin yankin, waɗanda suka yi asara suka haƙura. Kuma in ana so haƙurin ya ɗore, sai amfanin dabbar ya riƙa isa hannun mai gonar da kansa.

Su ma raƙuman dawa sun taɓa yin tafiyar mota, ta wannan hanya tamu, amma su gabas suka nufa. A watan Nuwamba na 2018 aka kama guda 8, aka saka su cikin babbar mota mai buɗaɗɗen sama. Aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su, har Gadabeji, arewa da Dakoro, cikin jahar Maraɗi. Gadabeji gandun daji ne tun 1955, kuma a da akwai raƙuman dawa a can kafin su ƙare. Dalilin kai su mai sauƙi ne. In duka suna wuri guda, cuta guda ko fari guda yana iya gamawa da su. A 2022 aka ƙara kai 4. Har sun fara haihuwa a can.

Akwai labari marar daɗi da ba za mu tsallake ba. Ranar 9 ga Agusta 2020, ƴan bindiga sun kashe mutum 8 a dajin Kure: Faransawa 6 masu aikin agaji, da ƴan Nijar 2, direbansu da jagoransu. Bayan haka aka rufe wurin ga masu ziyara. Baƙi suka ja baya, kuɗin jagora ya yanke, wake kuwa ana ci gaba da ci.

Mu shiga Yamai. Mu tsaya a gidan tarihi na ƙasa, mai sunan Bubu Hama. A nan akwai abu biyu da aka kawo daga arewa mai nisa, inda hanyarmu ba ta bi ba.

Na farko ƙasusuwa ne. An tono su a Gadufawa, cikin hamada, kudu maso gabas da Agadas. Akwai na wani kada da tsawonsa ya kai mita 9 ko fiye. Akwai na manyan dabbobin da ake kira dinoso. Masana sun ce sun rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Kada ba ya zama sai da ruwa. Wato inda rairayi yake yau, gulbi ne a da.

Na biyu busasshen icce ne. Shi ne iccen Tenere. Iccen ƙaya ne, ba babba ba. Ya tsaya shi kaɗai a kan hanyar ayarin gishiri, tsakanin Agadas da Bilma, ba wani icce kusa da shi sai an yi tafiya mai nisa. Da aka gina rijiya kusa da shi, aka tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Madugai sun daɗe suna yada zango a gindinsa. Ba wanda ya sare shi ya dafa shayi, ba wanda ya bar raƙuminsa ya cinye shi. A 1973 wata babbar mota ta buge shi, ya faɗi. Duk faɗin Tenere, sai icce guda direban ya samu. Aka ɗauko gawar iccen zuwa Yamai, aka kafa na ƙarfe a madadinsa.

To, mu ƙetare kogi ta gadar Kenedi. Mu bi ta Sayi, mu wuce Tamu. Bayan kamar kilomita 150 daga Yamai sai Tapowa. Nan ne ƙofar dajin W.

Wannan suna ba baƙo ba ne ga mai karatu. W shi ne harafin da muke fara rubuta wuta, da wake, da wata. Ku zana shi a ƙasa da yatsa: gangara, hau, gangara, hau. A wannan yanki kogin Isa ya ci karo da duwatsu, sai ya yi ta karkata, ya yi nan, ya komo nan. In aka duba taswira, siffar W ce sak. Daga nan dajin ya samu suna.

A 1954 aka mai da shi gandun daji na ƙasa. Mi ke nan? Wuri ne da doka ta keɓe ma namun daji da itatuwa. Ba a noma a ciki, ba a kiwo, ba a farauta, ba a sarar icce. Kun ga ya bambanta da Kure, inda mutum da dabba suke zaune tare. Ɓangaren Nijar hekta 220,000 ne. Hekta guda ita ce gona mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi. Gulbin Tapowa yana arewa da shi, gulbin Mekuru yana kudu, kogin Isa yana gabas. Dajin ya zarce cikin Binin da Burkina Faso. Giwa ba ta san iyaka ba, ba ta riƙe takardar shaida. Yau tana nan, gobe tana can. Shi ya sa tsaron dajin sai ƙasashen uku sun haɗa kai. A 1996 hukumar UNESCO ta saka ɓangaren Nijar cikin wuraren da duniya duka ke ɗauka gadonta. A 2017 aka haɗa da dajin Arli na Burkina da na Panjari na Binin.

Don mi namun daji suka rage a nan, alhali sun ƙare a wasu wurare? Ɗaya daga cikin dalilai ƙuda ne. Akwai ƙudan tsando mai kashe shanu. Akwai kuma wani ɗan baƙin ƙuda na bakin ruwa mai sa makanta. Saboda su mutane ba su yawaita a wurin ba, daji ya samu sarari.

A ciki akwai giwa, da ɓauna, da gwanki, da kanki, da gadu, da birai iri iri. A ruwa akwai dorina da kada. Tsuntsaye sun fi iri 350. Akwai manyan kukoki da suka daɗe a tsaye. Mafi yawan zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma, a wannan daji da maƙwabtansa biyu suke. Lokacin ganin dabbobi shi ne rani, musamman da bazara ta matso. Ciyawa ta kwanta, tabkuna sun ƙafe sai kaɗan, kowace dabba dole ta zo shan ruwa da safe ko da yamma. Giwa guda tana shan lita 100 ko fiye a yini, ba ta iya nisa da ruwa. Ƙa'idar shiga kuwa ita ce: a tafi da jagora, ba bindiga, ba kunna wuta, ba sauka daga mota sai ya ce a sauka. Kuma kada a shiga tsakanin giwa da ɗanta.

Akwai rigima tsakanin dajin da makiyaya, kuma ta daɗe. Da rani, makiyayi yana tsaye da shanu masu yunwa, yana hangen ciyawa a ƙetaren iyaka. In ya shiga, a kama shi, a ci shi tara. In zaki ya kashe masa saniya, wani ya sa guba a mushen, zaki ya mutu, ungulu su mutu. Sau da yawa ba daga bakin dajin matsalar ta faro ba. Daga nesa ta faro, inda aka nome burtali, aka nome makiyaya da mashaya. Wanda ya ci burtali a garinsu yana da hannu cikin abin da ke faruwa a W, ko da bai taɓa zuwa can ba.

Tun wajen shekarar 2020 kuma ƴan bindiga sun shiga dajin, a ɓangarorin ƙasashen uku. Sun kai ma masu gadin daji hari, ziyara ta tsaya. Saboda haka kada wani ya ji wannan hira ya ɗauki hanyar Tapowa. Ko Kure ko Gadabeji mutum yake son zuwa, ya fara tambayar hukuma da ma'aikatan gandun daji na yankinsu. In sun ce a dakata, a dakata.

Ga aikin da za mu yi kafin haɗuwa ta gaba. Kowa ya samu tsoho ko tsohuwa a garinsu. Ya tambaye su namun dajin da suka gani da idonsu a dajin garin lokacin ƙuruciya: barewa, jimina, kura, gada, ko raƙumin dawa. Ya rubuta sunayen a layi guda. A layi na biyu ya rubuta waɗanda har yanzu ake gani. A kawo takardun aji, a karanta ma juna.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.