Maɗaci ko darbejiya? Sanin itatuwan harabar jami'a

Ɗalibi kan shekara huɗu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, yana shan inuwar itace guda kullum kafin shiga lacca, ya gama ya tafi bai san sunansa ba. Abin yana damuna, domin kakanninmu da ba su shiga aji ba sun san kowane itace da sunansa da amfaninsa. Daga bakinsu ne wani likita Bature mai suna Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a littafi a 1916, shekara 46 kafin a kafa jami'ar a 1962.

A fara da biyun da aka fi rikitawa, maɗaci da darbejiya, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro. Masana sun sa su a dangi guda, kuma dukansu ɗaci gare su, amma ganye ya raba gardama. Tsinko na darbejiya ka duba: siriri ne, ya ɗan lanƙwasa kamar lauje, gefensa da haƙora irin na zarto. Na maɗaci ya fi faɗi, gefensa sumul. 'Ya'yan darbejiya ƙanana ne, suna yin rawaya in sun nuna, tsuntsaye da jemagu su sha su yar da ƙwallon, shi ya sa take tsirowa ko'ina. Na maɗaci kuwa dunƙule ne mai tauri kamar katako, in ya bushe ya tsage gida huɗu, iri mai fiffike ya bi iska. Sau da yawa jikin maɗaci ma ya isa shaida, don da wuya ka ga tsohon maɗacin da masu neman magani ba su sassaƙe ba, jan ciki ya fito fili. Wannan sassaƙar, in ta zagaye gindin, kashe itacen take yi. Maɗaci ɗan ƙasa ne, ita kuwa darbejiya baƙuwa ce daga yankin Indiya, a zamanin Turawa ta shigo.

Itacen turare kuwa ba ya buƙatar dogon bincike. Murza ganyen ka shinshina, ƙamshin man zafi zai bugi hancinka. Asalinsa Ostireliya.

In ka karya ganye farin ƙaro ya fito kamar nono, to wataƙila ka faɗo dangin ɓaure. Ceɗiya ƙananan ganye gare ta, da saiwoyi masu saukowa daga rassa. Ganyen durumi mai sheƙi ne da tsini a baki, na gamji kuwa faffaɗa ne ya fi tafin hannu.

Akwai kuma wanda lokaci ke tona masa asiri. A gonakin bayan gari, in ka hango itace tsirara a tsakiyar damina, kada ka ce ya mutu. Gawo ne, sai rani ya kama, sauran sun kaɗe, sannan yake fitar da ganye, makiyaya su samu abin ba dabbobinsu.