Darar Turawa ido rufe: me ke sa ƴan wasa ba da soja kyauta a wasan gaggawa?

Darar Turawa, wadda ake kira eshek, ana buga ta ne a kan allo mai gida 64, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 16. Darar gargajiya gurbi 30 gare ta, kowa da ƴaƴa 12. A intanet, wasu ƴan wasa na haɗa kasada uku a karo ɗaya: su ɓoye ƴaƴan darar, su ɗaure kansu da minti 3 ko 5, sannan su buɗe wasa da gambit.

Kalmar gambit daga Italiyanci ta fito, ma'anarta taɗiya, irin ta ƴan kokowa. Ɗan wasa kan miƙa ƙaramin soja tun farko, don ya buɗe wa manyan ƴaƴansa hanyar kai hari. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne gambit na sarki: mai fararen ƴaƴa ya tura soja zuwa gida e4, mai baƙaƙe ya tare shi a e5, sai fari ya miƙa wani sojan a f4. Da wannan salo ne Adolf Anderssen ya doke Lionel Kieseritzky a Landan a 1851, bayan ya sadaukar da hasumiyoyinsa 2 da wawan sarki 1 da sarauniya.

Haɗarin kuwa shi ne, sojan da aka tura f4 shi ke kare sarki daga gefe. Da ya gusa, sarauniyar baƙi na iya faɗowa h4 ta matsa wa sarki. Saboda haka galibi fari kan yi maza ya ajiye doki a f3 don ya tsare gidan. Wanda ya manta da wannan layi na karkace, wasansa kan lalace nan take.

Shi kuwa wasan ido rufe tsohon abu ne. Bafaranshe Philidor ya buga wasa 3 lokaci guda ba tare da kallon allo ba a 1783. Miguel Najdorf ya buga 45 a São Paulo a 1947, Timur Gareyev kuma ya kai 48 a Las Vegas a 2016. Yau shafin Lichess, wanda Bafaranshe Thibault Duplessis ya kafa a 2010 kuma kyauta ne, yana ba ɗan wasa damar ɓoye ƴaƴan, ya rage allo fayau. Shi kaɗai ne ba ya gani. Abokin karawarsa na kallon komai.

To, ta yaya mutum ke riƙe ƴaƴa 32 a ka? Binciken William Chase da Herbert Simon na 1973 ya nuna cewa gwanaye na tuna allon wasa na gaskiya bayan kallon daƙiƙa kaɗan, amma in aka watsa ƴaƴan barkatai, fifikonsu kan ƴan koyo ya kusan ɓacewa. Ke nan abin da gwani ke riƙewa shi ne dangantaka: wa ke kare wa, wa ke barazana ga wa.

A nan ne amfanin gambit yake. Wanda ya buga shi sau ɗaruruwa ya san tafiyar farko kamar hanyar gidansu, don haka rashin gani bai cika damunsa ba. Shi ke kai hari, abokin karawa kuwa dole ya tsaya tunanin kariya, agogonsa na ci. A wasan minti 3, wanda lokacinsa ya ƙare ya faɗi, ko da ya fi yawan ƴaƴa.

Amma idan abokin karawa ya kauce daga hanyar da aka haddace, kiɗa ya canza. Gambit na buɗe allo, ƴaƴa masu dogon zango su riƙa ratsa shi, kuma su ne suka fi wuyar bi a zuci. Idan harin ya mutu, mai gambit ya rage da giɓin soja da sarki a fili. Ga mai wasa da salula akwai ƙarin matsala: in rezo ya yanke, agogo ba ya jira.

Hanyar koyo ita ce a fara da sanin sunan kowane gida da launinsa, a buga wasanni masu dogon lokaci da kwamfuta, a zaɓi gambit ɗaya a san shi ciki da bai da ido buɗe, kafin a ɓoye ƴaƴan. Yana da kyau kuma a zaɓi wasan da ba a lissafa maki, don kada makin da aka tara cikin watanni ya zube a dare ɗaya.