Frederic Kanoute: Ɗan Ƙwallon Faransa da Ya Sayi Masallaci a Ishbiliya

Daga cikin 'yan ƙwallon da aka haifa a Faransa, aka horar da su a can, suka yi suna a Turai har suka yi ritaya, kaɗan ne rayuwarsu ta taɓo abin da ke ci wa mai kallon ƙwallo na Talata Mafara da Bakura da Maradun tuwo a ƙwarya kamar rayuwar Frederic Umar Kanoute. A waɗannan garuruwa na yammacin Zamfara, inda matashi kan wuni a gonar shinkafa ta noman ranin Bakolori ko a kasuwa, sannan da yamma ya biya kuɗin zama a kan benci a gidan kallo, an fi yawan ambaton Zidane da Henry da Vieira idan ana zancen Faransawa, domin su ne suka ɗaga Kofin Duniya a 1998. Kanoute bai ɗaga wannan kofi ba, bai ma taɓa buga wa babbar tawagar Faransa wasa ba, amma tarihinsa ya fi nasu nuna yadda Musulmi ma'aikaci, wanda kwantiragi ya ɗaure, yake riƙe addininsa a cikin sana'ar da kuɗin caca da na talla suka mamaye, da wuraren da ya ƙi, da wuraren da ya sassauta, da abin da ya biya daga aljihunsa.

An haife shi ranar 2 ga Satumba, 1977, a Sainte-Foy-lès-Lyon da ke gefen birnin Lyon, mahaifinsa ɗan Mali, mahaifiyarsa Bafaranshiya. Ya taso ne a hannun ƙungiyar Lyon, a ƙarƙashin tsarin da Faransa ta kafa tun a shekarun 1970, wanda ya ɗora wa ƙungiyoyin ƙwararru alhakin buɗe cibiyar horo, wato makarantar da ake ɗaukar yaro tun yana ɗan shekara goma sha, a haɗa masa karatun boko da koyon ƙwallo, da likita da abinci, har ya kai munzalin sa hannu a kwantiragi. Cibiyar Lyon ce daga baya ta fitar da Karim Benzema da Alexandre Lacazette. Kanoute ya shiga babbar ƙungiyar a 1997, ya kuma buga wa tawagar matasan Faransa 'yan ƙasa da shekara 21, kuma a daidai wannan lokaci, yana wajen shekara ashirin, ya rungumi Musulunci da gaske ya fara aiki da shi.

Zamansa a Ingila bai buƙatar dogon bayani. West Ham ta karɓe shi aro a shekarar 2000 a zamanin Harry Redknapp, ta saye shi daga baya, ya yi wasa tare da Paolo Di Canio har ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2003, sai ya koma Tottenham. Dogo ne da ya haura mita 1.9, mai sanyin jiki a ido, mai iya tare ƙwallo da ƙirji ya juya da ita, kuma masu sharhi a Ingila, waɗanda suka saba auna ɗan wasan gaba da yawan gudunsa da gumin rigarsa, sun sha ɗaukar wannan natsuwa a matsayin kasala.

Abin da ya fi muhimmanci a waɗannan shekaru shi ne zaɓin ƙasa. A da, dokar hukumar ƙwallon duniya FIFA ta tanadi cewa duk wanda ya buga wa wata ƙasa wasan gasa, ko da a matakin matasa ne, ya ɗauru da ita har abada, dokar da ta hana ƙasashen Afirka amfana da 'ya'yan 'yan ci-raninsu da Faransa kan gwada sau ɗaya ko biyu ta watsar. Da matsin hukumar ƙwallon Aljeriya aka sassauta dokar daga farkon 2004, Kanoute kuwa yana cikin na farko da suka ci moriyarta, ya zaɓi ƙasar mahaifinsa, ya tafi gasar cin kofin nahiyar Afirka a Tunisiya ana tsakiyar kakar wasa, abin da bai yi wa Tottenham daɗi ba. Ya ci ƙwallo huɗu, adadin da ya sa shi a sahun gaba tare da Jay-Jay Okocha da Patrick Mboma da wasu biyu, Mali ta kai wasan kusa da na ƙarshe inda Maroko ta doke ta, sannan Nijeriya ta ci ta biyu da ɗaya a wasan neman matsayi na uku. Ya ci wa Mali ƙwallo 23 kafin ya daina buga mata bayan gasar 2010, wadda a wasanta na farko Angola ta zura wa Mali huɗu ba ko ɗaya, Mali ta farke su duka a cikin mintunan ƙarshe, ɗaya daga ciki da kan Kanoute.

A 2005 ƙungiyar Sevilla ta Sifaniya ta saye shi a kan Yuro miliyan 6.5, a can ne kuma tauraronsa ya haska. A ƙarƙashin koci Juande Ramos, tare da Luis Fabiano da Dani Alves da Jesus Navas, ya zama mutumin da ba ya rasa ƙwallo a ranar kofi: ya ci a wasan ƙarshe na kofin UEFA na 2006 da aka lallasa Middlesbrough huɗu da nema, ya ci a wasan da aka doke Barcelona uku da nema a watan Agustan wannan shekara, ya ci Espanyol a ƙarin lokaci a wasan ƙarshe na 2007 a Glasgow, ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta ba Sevilla Kofin Sarkin Sifaniya a kan Getafe, sannan ya zura uku rigis a ragar Real Madrid a gidanta, a wasan da aka tashi biyar da uku. Ya bar ƙungiyar a 2012 da ƙwallo 136 a wasa 290. Hukumar ƙwallon Afirka ta naɗa shi gwarzon shekarar 2007 a gaban Michael Essien da Didier Drogba, ya zama na farko da aka haifa a wajen nahiyar ya samu wannan lamba, hanyar da Aubameyang da Mahrez da Ademola Lookman suka bi daga baya.

Wata matsala a kan rigar wasa ta taso a 2006, lokacin da Sevilla ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin caca na intanet mai suna 888.com, aka buga sunansa a ƙirjin rigar 'yan wasa. Kanoute ya ƙi tallata abin da addininsa ya haramta, ya rufe tambarin, ƙungiyar ta riƙa ba shi riga marar tambari na wani ɗan lokaci, daga bisani aka daidaita a kan cewa zai sa rigar kamar sauran abokan aikinsa, tunda sa ta yana cikin sharuɗɗan kwantiraginsa, kamfanin kuma ya cire shi daga duk wani tallan da ake yi da fuskokin 'yan wasa. Masu ba da labarin a majalisun hira sukan tsaya a kan ƙin da ya yi, su tsallake sassaucin da ya biyo baya, alhali sassaucin ne ya fi cancantar nazari. Hukuncin ko abin da ya yi ya wadatar na malamai ne, kuma suna da ƙa'idojinsu a kan ijara, wato hayar aikin mutum, da kan lalura. Abin da tarihi ya nuna shi ne mutum ɗaya, a cikin ƙungiyar da ba ta Musulmi ba, ya tilasta wa kamfani mai kuɗi zama a teburin sulhu, ya raba tsakanin abin da aikinsa ya ɗora masa da abin da zai yi da sunansa na kansa, kuma ya yi hakan ne shekara goma sha huɗu kafin gwamnatin Sifaniya ta fitar da dokar 2020 da ta hana kamfanonin caca hawa rigunan ƙungiyoyi baki ɗaya. Ƙungiyoyin Firimiyar Ingila sai a 2023 suka amince su cire irin waɗannan sunaye daga ƙirjin riga bayan kakar 2025 zuwa 2026.

Wannan batu ya fi kusa da Zamfara fiye da yadda ake zato. Jihar ce ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoban 1999 a ƙarƙashin Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura, kuma caca tana cikin abubuwan da dokar ta hana, sai dai dokar an tsara ta ne a zamanin da caca ke da rumfa da tabarma da karta, wurin da ɗan Hisba zai iya zuwa ya rufe. Cacar ƙwallo ta yau tana cikin wayar hannu, ana zuba kuɗin ta asusun banki, kuma tallanta yana shigowa ne ta cikin wasan da ake kallo, a kan riga da allunan gefen fili, ta yadda yaron da ya je kallon Arsenal a Maradun zai ga sunan kamfanin caca sau da yawa kafin a tafi hutun rabin lokaci. Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan irin wannan caca a 2024, amma rufe shago ba ya taɓa wayar da ke aljihu. Abin takaici ne ƙwarai a ce matashin da ya sha rana a fadama ya ƙarar da kuɗin buhun shinkafarsa a kan hasashen wanda zai ci wasa a Landan, kuma a nan ne misalin ɗan wasan da ya ƙi sayar da fuskarsa ga masu wannan sana'a yake da nauyin da wa'azi kaɗai ba ya da shi a kunnen mai son ƙwallo.

Birnin da Kanoute ya zauna a ciki yana da nasa tarihin. Sevilla ita ce Ishbiliya ta littattafan Larabci, garin Alƙali Abubakar ibn al-Arabi, malamin Malikiyya mai littafin Ahkamul Ƙur'an, a ƙasar Andalus da ta haifi Alfazazi, mai Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukan ƙasar Hausa. Birnin ya fita daga hannun Musulmi a 1248, hasumiyar babban masallacinsa kuma, wadda Muwahhidai suka gina a ƙarshen ƙarni na 12, ita ce a yau hasumiyar ƙararrawar babban cocin garin da ake kira Giralda. A 2007 wa'adin hayar wani gini da Musulmin birnin ke salla a ciki ya ƙare, aka sa shi a kasuwa, Kanoute ya biya sama da Dala 700,000 ya saye shi domin kada a rufe. Bayan ritayarsa ya jagoranci gangamin da ya tara Dala miliyan ɗaya don gina masallaci da cibiyar al'adu a birnin. A kusa da Bamako kuma gidauniyarsa ta kafa ƙauyen yara mai suna Sakina, inda ake renon marayu da ba su ilimi. A harshen fiƙihu irin wannan aiki yana kusa da waƙafi, wato tsare asalin dukiya a bar amfaninta yana gudana ga jama'a, abin da Zamfara ta kafa wa hukuma ta musamman tare da zakka.

Ranar 7 ga Janairu, 2009, ana tsakiyar yaƙin Gaza, Kanoute ya ci Deportivo La Coruña ƙwallo a gasar Kofin Sarki, ya ɗaga rigarsa ya nuna baƙar riga mai ɗauke da sunan Falasɗinu a harsuna daban-daban. Alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi, hukumar ƙwallon Sifaniya ta ci shi tarar Yuro 3,000 bisa dokar da ta hana saƙon siyasa ko na addini a fili.

Ya ƙare wasa a ƙungiyar Beijing Guoan ta ƙasar Sin a 2013, ya koma sana'ar wakilcin 'yan wasa da kamfaninsa mai suna 12 Management. Wakili shi ne mai shiga tsakanin ɗan wasa da ƙungiya, ya nemo masa gurbi, ya yi ciniki a madadinsa, ya ɗauki la'adarsa, kuma sana'a ce da ta yi ƙaurin suna a Afirka ta Yamma saboda 'yan damfarar da kan karɓi kuɗin iyaye, wani lokaci kuɗin gona ko na shanu, su kai yaro wata ƙasa su yasar. Kanoute ya bi ta hanyar ƙananan ƙungiyoyin da ke rainon yara a gida, kamar Kafue Celtic ta Zambiya, inda Patson Daka da Enock Mwepu suka fito suka tafi Salzburg ta ƙasar Ostiriya, sannan a 2021 Daka ya koma Leicester, Mwepu ya koma Brighton, kafin ciwon zuciya na gado da likitoci suka gano ya tilasta wa Mwepu barin wasa a 2022 yana ɗan shekara 24. Kafue ƙaramin gari ne a kudu da Lusaka, kuma abin da ya bambanta shi da Talata Mafara a wannan fanni shi ne ƙungiya mai rajista da ke riƙe yaro shekara da shekaru, tana da takardun shekarunsa na gaskiya, tana buga gasar da masu farautar 'yan wasa ke zuwa kallo. Zamfara United ta Gusau ta taɓa bugawa a babbar gasar Nijeriya, amma yaron da ya fi kowa iya tamaula a filin makarantar firamare a Bakura, idan yana son a gan shi, yawanci sai ya ɗauki jakarsa ya nufi Kano ko Kaduna, ya nemi wanda zai ba shi wurin kwana.