Ma'aunin Juriyar Gida a Kan Yunwa



Bahaushe ba ya manta yunwa, domin suna yake raɗa mata. Ta 1914 ita ce Kakalaba, ta 1927 'Yan Buhu, ta 1942 kuwa 'Yar Gusau. A kowace ɗaya, unguwa guda za ka tarar wani gida ya watse, maƙwabcinsa ya tsaya. To, me ya bambanta su? Wannan tambaya ita ce ta zama fannin ilmi sukutum, watau auna juriya, har mutane suka ƙare rayuwarsu ta jami'a a kanta.

Alal misali, a 1967 wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina.  Sai ta roƙi waɗansu mutanen garin su kasa gidajen manoma 171 kashi huɗu, bisa ga wanda zai iya jure mummunar kaka da wanda zai durƙusa. A ganina hikimarta tana nan: mutanen gari sun san wanda rumbunsa ke kai shi Agusta, da wanda tun bazara ya koma awon tiya, yana ƙwadago a gonar wani alhali tasa ciyawa na ci. Bayan farin 1972 zuwa 1974 Michael Watts ya bi sawu a Kaita, Michael Mortimore kuma a Dagaceri. Tun 2008 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mai da abin lissafi, tana haɗa dukiya, da ilmin maigida, da kusancin kasuwa da asibiti, da taimakon dangi, ta fitar da maki.

Amma fa ƙasar Zamfara ta yi wa wannan lissafi gardama. A 1975, da aka kafa shirin raya aikin gona na Gusau da rancen Bankin Duniya, shanu da babbar gona su ne garkuwar manomi. Da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, sai garken ya zama shi ke jawo wa mai shi hari, gonar nesa kuma ba ta nomuwa sai an biya kuɗin fansa. Mutumin da takarda ta ba maki mai yawa, shi ne za ka iske ya yi gudun hijira, yana raɓe a Sabon Garin Gusau.

Saboda haka ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni, lalle ya koyi ƙididdiga, ba makawa. Sa'an nan ya koyi yin tambaya da Hausar gida, don magidanci ba zai ce wa baƙo yana jin yunwa ba. Kunya ta hana. Sai dai a tambayi uwargida sau nawa aka ɗora tukunya jiya, kuma yaushe aka sayar da akuyar ƙarshe.