Iska ce ke cinye kunnen mai babur: abin da ya kamata ku sani

Idan ka tambayi mai babur abin da ya fi damun kunnensa a kan hanya, zai ce maka ƙarar inji ce, ko hon ɗin manyan motoci, ko salansar wani yaro da ya fasa ta don unguwa ta san ya wuce. Duk suna da nasu laifin. Amma da zarar babur ya bar cunkoson gari ya miƙe hanya, gudu ya kai kamar kilomita 60 a awa, akwai wata ƙara da take danne su gaba ɗaya, kuma ita ce ba wanda yake zargi: hucin iskar da ke dukan kai. Ba a ma lissafa ta cikin ƙara, tun da iska ce, kowa ya saba da ita. Ita ce kuwa take rage wa masu babur ji, kaɗan-kaɗan, ba ciwo ba jini, har ranar da mutanen gida za su fara cewa maigida ba ya amsa sallama sai an maimaita.

Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu a zaure tana wajen desibel 60. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata a wuraren aiki, ta ja layi a kan desibel 85: wannan ne iyakar abin da kunne zai ɗauka na awa takwas a rana. Inda mutane ke ruɗewa shi ne, lissafin desibel ba ɗaya bayan ɗaya yake hawa ba. Duk ƙarin desibel 3 ninki ne na ƙarfin sautin, saboda haka lokacin da kunne zai jure sai ya ragu da rabi. A 88 awa huɗu ne, a 91 awa biyu, a 94 awa ɗaya. In aka kai 100, minti 15 kacal.

To nawa ne a kunnen mai babur? Wani likitan kunne, hanci da maƙogwaro a Birtaniya, Andrew McCombe, shi da abokan aikinsa sun auna wannan a shekarun 1990, suna sa ƙaramin makirufo a bakin kunnen mahayi, a cikin hular kwano. Sun samu kimanin desibel 90 a gudun kilomita 60 a awa, yana ta hawa har 110 a gudun kilomita 160. Gaskiya ne Boxer da Jincheng da Haojue da ke cike hanyoyinmu ba sa zuwa 160. Amma 80 ba baƙon gudu ba ne ga wanda ya samu kwalta mai kyau, kuma a bisa wannan awo, ƙarar a nan ta kai wajen desibel 95. Ma'ana, kason kunne na yini guda ya ƙare kafin awa ɗaya ta cika. Wanda ya taso daga Kano zuwa Katsina, tafiyar kusan kilomita 170, ya ninka kasonsa fiye da sau biyu tun bai juyo gida ba.

Sannan ba allurar gudun da ke gaban babur kunne yake bi ba, saurin iskar da ke dukansa yake bi. A lokacin hunturu, wanda ya fuskanci arewa maso gabas yana karo da iskar ne gaba da gaba, gudunta ya haɗu da nasa. Allura tana nuna 60, kunne yana shan abin da ya fi haka.

Wani zai ce ai yana da hular kwano. Madalla, kada ya cire ta. Bincike ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 70, kuma dalilin da ya sa hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta sa ta ke nan a watan Janairun 2009. Sai dai an ƙera ta ne don ta kare ƙoƙon kai, ba don ta tare sauti ba. Ƙarar iska mai kauri ce, irin ta rugugi, kuma irin wannan sauti yana ratsa robar hular da sosonta cikin sauƙi. Duk alƙaluman McCombe da na kawo, a cikin hula aka ɗauke su. Daga baya masu bincike a Jami'ar Bath da ke Ingila suka sa hular kwano a ramin gwajin iska, suka gano cewa babbar mashigar ƙarar ita ce ƙasan hular, wajen haɓa da wuya, inda iska ke kutsawa tana jujjuyawa. Wanda kuma yake tafiya da kai tsirara, ko da 'yar hular saƙa, bai tsira ba: shi iskar kai tsaye take kaɗa masa cikin ramin kunne, ga kansa kuma ba kariya.

Abin da ke faruwa a cikin kunne ya cancanci a tsaya a kansa, domin wanda ya fahimce shi ba ya ƙara ɗaukar maganar da wasa. Sauti yana shiga ya girgiza dodon kunne, wasu ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar zuwa wani sashe can ciki mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta kimanin 15,000, kowacce da 'yan gasu a kanta, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke mayar da girgiza saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana yi musu abin da guguwa ke yi wa gero a gona: ta kwantar da shi, in ta wuce ya miƙe, amma in ta dawo yau ta dawo gobe, wani karan karyewa yake yi, kuma wanda ya karye ya tafi. A jikin ɗan Adam waɗannan ƙwayoyin ba sa sake tohowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu ɗigon kunne, babu maganin gargajiya da ke dawo da su. Na'urar ƙara ji tana taimaka wa waɗanda suka rage ne kawai.

Shi ya sa alamar farko take yaudara. Mutum ya sauka daga doguwar tafiya, ya ji kunnensa ya yi dum, maganar mutane kamar daga nesa, ko ya ji wani siririn kuka ko shuu a ciki. Ya kwana, da safe ya ji garau, sai ya ce gajiya ce. Ba gajiya ba ce kawai, gargaɗi ne. Wata rana kukan zai zo ya ƙi tafiya, ya zauna dare da rana, ya fi tsananta lokacin da gari ya yi shiru ana son barci.

Kuma ji ba ya ɗaukewa lokaci guda. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "sh" da "f" da "ts", sai fara da sara da shara da tsara su riƙa zo wa mutum kusan iri ɗaya. Yana jin ana magana, amma bai san me aka ce ba, musamman a kasuwa ko tasha ko wurin ɗaurin aure. Sai ya fara cewa yaran yanzu ba sa buɗe baki, ya ƙure muryar rediyo, ya riƙa juya wa mai magana kunne ɗaya. Ga ɗan acaba ko ɗan kabu-kabu wannan asara ce ta sana'a: fasinja na bayansa yana faɗin inda zai sauka bai ji ba, an kira shi daga gefen titi ya wuce, mota ta yi hon a bayansa ya makara. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda mutum ke janye jiki daga majalisa, don ya gaji da cewa "na'am?", mutane kuma su ɗauka girman kai ne ko miskilanci.

Maganin ba tsada gare shi ba. Matoshin kunne ne, ɗan soso mai laushi irin wanda ma'aikatan masana'antu da na filin jirgin sama suke sawa, ana samun sa a shagunan kayan kariyar ma'aikata da wasu manyan kantunan magani. Ko da desibel 15 kawai ya rage, ya sauko da 95 zuwa 80, wato daga abin da ke ɓarna cikin ƙasa da awa ɗaya zuwa abin da za a yini da shi. Amma sai an sa shi daidai, kuma a nan mafi yawa ke kuskure. Da hannu mai tsabta za ka murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri. Ka zagaya ɗaya hannun ta bayan kai, ka ja saman kunnen sama da baya don ramin ya miƙe. Ka tura shi ciki a hankali, ka riƙe da ɗan yatsa kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cike wurin. In ya zauna, muryarka za ta yi maka kauri a ka. In rabinsa yana leƙe a waje, bai yi aikin komai ba, kuma hula za ta tuge shi. Da ya yi dauɗa ko ya daina kumbura, a yar a sake wani, kuma ba a aron na wani. Akwai na roba mai 'yar matata a tsakiya, wanda ake wankewa a sake sawa. Ya fi tsada, amma yana barin magana ta fi fitowa. Auduga busasshiya da takardar goge hannu, da wasu ke cusawa lokacin sanyi, kusan ba sa tare komai, kuma suna iya barin guntu a ciki.

Akwai tambayar da duk mai babur mai hankali zai yi, kuma tana kan hanya: in na toshe kunne, yaya zan ji hon da jiniya? Matoshi ba ya kurmantar da mutum, rage komai yake yi. A kan babbar hanya, abin da ke hana ka jin hon iskar ce da kanta, da kunnen da ta riga ta gajiyar. In an rage ta, hon yana nan yana fitowa, kuma gwaje-gwajen su McCombe sun nuna cewa a gudu mai yawa matoshi bai rage wa mahaya jin sautin gargaɗi ba. A cikin gari lamarin dabam ne. Wanda ke kutsawa tsakanin A Daidaita Sahu da masu tura baro a gudun kilomita 25 ko 30, iska ba ta dame shi ba, kuma yana bukatar ya ji kowane motsi da muryar fasinja. A ganina, a nan ba a bukatar soso mai toshewa sosai. Mai matata ya wadatar, in ana so. Amma da an nufi bayan gari, tafiya za ta wuce rabin awa, a tsaya a sa.

Iyafis kuwa ba matoshi ba ne, kishiyarsa ne. Matashi ya sa shi a ƙarƙashin hula don ya ji waƙa ko karatu, iska tana desibel 95, dole ya ɗaga muryar wayar sama da haka kafin ya ji. Ya tara wa kunnensa ƙara biyu ke nan, hankalinsa kuma ya bar titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiyasin cewa matasa sama da biliyan ɗaya a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare, tun ba a haɗa da iskar babur ba.

Sauran dabarun ƙanana ne, amma suna taruwa. Hular da ta rufe fuska da haɓa, ta kama kai ba ta rawa, ta fi wadda ke lilo shiru. A sauke gilashinta, a ɗaure igiyar haɓa, kada a bar jelarta tana kaɗawa kusa da kunne. Tun da ta ƙasa ƙarar ke shiga, ƙyallen da aka naɗa a wuya ya cike ratar da ke tsakanin hula da kwalar riga yana ragewa. Sai dai a cusa bakinsa cikin riga, domin jelar rawani ko mayafi in ta shiga sarƙa ko taya, abin ya wuce maganar kunne. Wanda ya sa wa babur gilashin tare iska ya gwada tsayinsa, don wani yakan tattaro iskar ne ya zuba ta daidai kan hula. A tafiya mai nisa a riƙa tsayawa inda ba hayaniya, kunne ya huta. Salansar da ta fashe a gyara ta. Wadda aka fasa da gangan kuma, mai ita ne ya fi kowa kusa da ita.

Mafi arha cikinsu duka shi ne sassauta maƙura. Daga 80 zuwa 60, ƙarar tana sauka da desibel biyar ko shida, lokacin da kunne zai jure ya ninka kusan sau huɗu. Dokar hanya ta Najeriya ma kilomita 50 a awa ta yanke wa babur. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma a tuna ba direba kaɗai iska ke duka ba: matar da ke baya tana sha, yaron da aka ɗora a kan tanki, ba hula ba komai, shi ne ma a sahun gaba.

Wanda kunnensa ke ciwo, ko yake zubar da ruwa ko mugunya, kada ya cusa matoshi sai likita ya duba. Wanda kuma aka rubuta wa allurar jentamaisin ko sitireftomaisin, ya gaya wa likita cewa yana yini cikin ƙara, domin waɗannan magunguna su ma suna iya taɓa ji, kuma haɗuwarsu da ƙara ta fi muni. In ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan na gaggawa ne, a je asibiti a ranar, ba a jira mako.

Gwajin ji ba ya ciwo, ba ya ɗaukar lokaci: a sa maka abin saurare, a riƙa sako sautuka, kana nuna wanda ka ji. Ana yin sa a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Duk wanda ya yi shekaru yana neman abinci a kan babur, musamman in kunnensa ya fara kuka, ya je a auna shi, domin abin da ya rage ana iya tsare shi. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaba da 'yan kabu-kabu kuma, ku da kuke karɓar kuɗin tikiti kullum, ku sayo matoshin nan da kwali, ku nemi ma'aikacin lafiya ya zo tasha ya nuna wa 'ya'yan ƙungiya yadda ake sa shi. Dillalan babur su ma su riƙa haɗa shi da hular kwano a ranar da za su miƙa makulli.